Shigar jarumata ta yi kyau a ɗaki, a gindin Kufena ta ba ni kunya

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina leƙo zauren nan ina karanta ku shiru, yau dai abin ya ishe ni na ce bari in fito fili.

Ni tela ce a Zariya, ɗinkin mata nake yi a gida da keke ɗaya na ƙafa. Tun ina sakandare nake zana wata jaruma a bayan littattafaina, na sa mata suna Hazo. Ba daga wani fim na ɗauko ta ba, tawa ce. A labarin da na ƙaga mata, ita ke gadin rijiya ɗaya tilo da ta rage a wata ƙasa da ta shekara bakwai ba ruwan sama, kuma ba a ganin ta sai iska ta taso. Kafin wani ya tambaya, a'a, ba Sarauniya Amina ba ce. Duk wanda na nuna wa zanen abin da yake fara cewa ke nan, don ya ga Bazazzagiya ta zana mace riƙe da takobi.

Bana na ce sai na ga kayan Hazo a jikina, irin abin da ake kira kosfile, wato mutum ya yi shigar jarumin wani labari. Wata uku ina abu ɗaya. Doguwar riga da alkyabba na ɗinka su da shuɗin yadi mai santsi, irin wanda muke sa wa rigunan amare daga ciki. Kai kuwa na naɗe shi da turkuɗi na gaske, wanda wata ƙanwar mahaifiyata ta sayo mini a Kura a hanyarta ta dawowa daga Kano, ya rufe gashi da wuya, ya rufe baki kamar amawali. Sulken ƙirji da na kafaɗu na yanka su daga robar nan mai laushi da masu yin silifa suke amfani da ita, na saya a kasuwar Sabon Gari. Na haɗa su da gam ɗin kyandir, na fesa musu fenti ruwan azurfa. Takobi kafintan layinmu ya yanka mini da katako, shi ma na fesa masa fentin. Wallahi ranar da na gama na tsaya gaban madubi da daddare, har ƙwalla na yi. Hazo na gani.

Asabar ɗin da ta wuce Yayana ya ɗauke ni a mota muka tafi gindin dutsen Kufena, ta bayan Wusasa. Yana da tsohuwar kyamarar Canon da gilashinta na 18-55mm da aka sayo ta da shi. Sai da ya tashi daga shago muka fita, mun isa wajen ƙarfe biyu na rana. Da na buɗe but, kafaɗar hagu ta riga ta rabu biyu, gam ya saki ya yi yauƙi. Muka ɗaure ta da igiyar takalminsa. Da na ɗaga hannu in zare takobi, fentin ƙirji ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Alkyabbar da nake mafarkin tana kaɗawa ta manne mini a baya saboda gumi. Turkuɗi kuma ya zuba, fuskata da wuyana suka koma shuɗi, kwana biyu ina dirza.

Ba mu yi minti ashirin ba yara suka yanyame mu, suna ta ihu wai ga aljana. Wani dattijo da ke dawowa daga gona ya tsaya ya tambayi Yaya, cikin mutunci dai, ko fim muke yi ko kuwa hidimar bori ce. Yaya ya yi ta kame-kame, daga nan ya ce in shiga mota.

Hotuna 214 muka ɗauka. A cikinsu duka fuskata baƙi ƙirin ce, ba a ganin ido, sama fari fat, sulken yana ƙyalli kamar sabon kwanon rufi. Yaya ya ce kyamarar ce ta tsufa. Ni zuciyata ba ta yarda ba. Don Allah masana, ta ina zan fara gyara, kayan ko hoton? Kuma ya ake yi da mutane?

Mai Hoto Daga Jos:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaya wa Yayanki ya nemi gafarar kyamarar nan, ba ta da laifin komai. Ƙarfe biyu na rana ko wace kyamara aka ba ni, abin da zan kawo miki ke nan. A lokacin rana tana bisa kai, hasken yana dukan goshi, ido ya faɗa cikin inuwa, ga naɗi kuma ya ƙara masa rumfa. Ita kyamara idan aka bar ta ta yi wa kanta lissafi, matsakaici take nema. Ta ga farin sama, ta ga sulke yana walƙiya, sai ta rage haske gaba ɗaya, fatarmu kuma ita ke fara nutsewa. Ni shekara goma sha ɗaya nake ɗaukar amare a duwatsun Shere da na Riyom, kuma ban taɓa yarda amarya ta tsaya mini a fili tsakanin sha ɗaya da huɗu ba, ko da uwar ango za ta yi fushi.

A watan Disamba rana tana fitowa a wajenku kusan bakwai saura ashirin, ta faɗi jim kaɗan bayan shida. Turawa suna da lokacin da suke kira sa'ar zinariya, amma mu da muke kusa da tsakiyar duniya ranarmu a miƙe take hawa, a miƙe take sauka, jan hasken nan mai daɗi bai fi rabin sa'a ba. Idan hazo ya yi kauri ma, rana takan shige cikinsa ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Shi ya sa na fi ba ki shawarar safiya. Ku yi Asuba ku fita, ki sa kayan tun daga gida ki rufa da hijabi. Ga sanyi, ba gumi, yara kuma ba su fito ba. Da yamma kina fara samun haske mai kyau za a kira Magariba, hankalin kowa ya koma gida.

Hazon nan da ake ƙorafi a kansa, ke alheri ne gare ki, tunda ma sunan jarumarki ke nan. Yana tausasa haske, yana sa duwatsun nesa su dushe hawa-hawa, hoton ya yi zurfi. Illarsa ƙura ce kawai: kada Yaya ya kuskura ya cire gilashin kyamara a fili, ƙura ta hau idon na'urar ku dawo da ɗigo-ɗigo a kowane hoto.

Ki juya wa rana baya, ta ɗan karkata gefe, ta zana miki layin haske a kafaɗa da gefen alkyabba. Fuska kuma a mayar mata da haske. Ba sai kin sayi komai ba: abin nan mai ƙyalli da direbobi suke shimfiɗawa a gilashin gaba don zafin rana, shi nake amfani da shi har yau. Ki samu ƙani ko ƙanwa ya riƙe shi daga gefe, daidai ƙirji, kada ya yi ƙasa sosai ya haska ki daga haɓa kamar mai ba da labarin fatalwa. Yaya ya auna haske a kan fuskarki, idan sama ta ƙone ta ƙone. Ya sa kyamarar ta ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, don a nan ake iya ceto inuwa daga baya.

Gilashin da yake da shi ya isa. Ya zuƙo shi zuwa 55mm, ya ja baya, ke kuma ki matso gaba ki bar dutsen da taku ashirin ko fiye. Kuskuren kowa shi ne jingina da dutse. Idan wata rana kuɗi sun samu, gilashin 50mm f/1.8 yana cikin mafi araha, kuma shi zai narkar miki da baya. Sannan ya durƙusa. Jaruma daga ƙasa ake kallon ta, idan ya ɗauka a tsaye hoton katin shaida zai yi miki.

Ɗan Baiwa 04:

Hhhh wallahi wajen "ga aljana" ɗin nan ya kashe ni. Anti ki yi haƙuri, amma ki sa kanki a matsayin yaran: tsakar rana, gindin dutse, mace mai shuɗiyar fuska da takobi. Ni da gudu zan yi, ba ihu ba. Shawarata ki bari sai azumi ya kai goma ki fito, kowa zai ce tashe ne, har kuɗi za a ba ki.

Jikan Dukawa:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Ni ban san wannan kosfile ba sai a bakin jikokina, amma fata da kayan doki a cikinsu aka haife ni a birnin Kano, kuma duk Sallah da hannuna ake gyara kayan mahaya. Abin da ya ba ni mamaki, ke tela ce, amma kika bar abin da kika iya kika tafi yankan roba. Jarumarki a ƙasar fari da iska take zaune. Wa ya ce sulkenta sai ya zama na farantin ƙarfe irin na Turawa?

Mayaƙanmu na da lifidi suke sawa, su da dawakansu. Yadi ne biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi har ya yi tauri. Masu hali su ɗora sulke, wato rigar zobban ƙarfe. A kai akwai kwalkwali, wani da gashin jimina a bisa. Takobi ba a ƙugu yake ba, a kafaɗa ake rataye shi da hamila, yana cikin kube na fata. Ki je hawan Sallah na Zazzau ki tsaya inda 'yan lifida za su wuce, ki buɗe ido da kyau. Abin da kekenki zai ɗinka ne cikin mako guda, kuma ba ruwansa da zafin but ɗin mota. Rana idan ta bugi ɗinkin nan daga gefe, kowane layi sai ya fito da inuwarsa. Mai hoton Jos ya gyara mini idan na yi kuskure.

Kafaɗu da damtse ki yi su da fata. Ki nemi jar fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Ita ce fatar da fatake suka riƙa haurawa da ita Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko, alhali daga ƙasar Hausa take fitowa. Ba sai sabuwa mai kyau ba. Ki je wurin dukawa ki ce guntaye kike so, da masu tabo, za su ba ki da arha. Mai gadin rijiya shekara bakwai ai ba za ta fito da kaya kamar na amarya ba. Ki huda da basilla ki ɗaure da igiyar fata. Abin da aka ɗinka ba ya narkewa.

Maganar turkuɗi kuwa, zubarsa ita ce darajarsa. Bayan an rina shi ake ƙara masa garin shuni, masu bugu su buge shi har ya yi wannan ƙyallin. Buzaye da suke sayensa don haka suke son sa, har ana ce musu shuɗɗan mutane. Idan kika wanke shi zubar za ta ragu, ƙyallin kuma ya tafi, kin yi asarar kuɗin ƙanwar mahaifiyarki. Ki ɗinka siririyar hula da ƙyallen baki na baƙin yadi ki fara sawa, sannan ki naɗa shi a kai, kada ya taɓa fata. Hannu kuma ki wanke bayan naɗi kafin ki taɓa fuska.

Alkyabba ki raba ta da wannan yadi mai santsi. Ki samu farin yadin auduga mara nauyi ki kai marina a rina miki, a tsoma shi sau da yawa daga sama, ƙasan kuma sau ɗaya ko biyu, ya fito da duhu yana sauka yana washewa. Wannan shi za ki wanke da ruwan sanyi har ruwan ya daina canja launi. Mu nan Ƙofar Mata muke kaiwa, ku ma Zariya ba ku rasa marina ba.

'Yar Tudun Wada:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. Kunya ce ta kama ni da na karanta. Wata uku ina kallon bidiyon 'yan Japan da Amurka suna yanka roba, ban taɓa tunanin lifidi ba, alhali kowace Sallah a gabana suke wucewa. Amma Baba ina neman alfarma ɗaya. A zanena Hazo tana da wani abu a goshi kamar jinjirin wata, mai kaifi biyu, da ƙaton kambu a hannun dama. Waɗannan ban ga yadda fata za ta tsaya a haka ba.

Yaya Mai Hoto, na gode ƙwarai. Na karanta wa Yayana, ya ce shi dama ya sani, gwada ni yake. Ɗan Baiwa, Allah ya shirye ka.

Kosfile Kaduna:

'Yar uwa, kada ki zubar da robar nan tukuna. Baba ya yi gaskiya a kan ƙirji da kafaɗa, amma jinjirin wata da kambu aikin roba ne. Sunanta EVA, kuma ita manyan masu wannan sana'a suke amfani da ita a ko'ina. Matakai biyu kika tsallake.

Na farko gam. Na kyandir da zafi aka narkar da shi, zafi kuma zai sake narkar da shi, but ɗin mota da rana ya ishe shi. Gam ɗin masu takalmi za ki saya. Ki shafa siriri a fuska biyu, ki bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, kamar minti biyar zuwa goma, sannan ki haɗa. Ki daidaita da kyau don da ya kama ya kama ke nan. A tsakar gida za ki yi, warinsa yana hawa kai. Lanƙwasa kuma da zafi ake yi: ki gasa robar da diraya mai ƙarfi, ko ki riƙe ta nesa-nesa a saman garwashi, ki ɗora a kan kwano ko gwiwa ta huce a haka.

Na biyu, robar tana da ƙananan ramuka masu shan fenti, kuma tana lanƙwasa, fentin feshi ba ya bin ta. Ki fara shafe ta da farin gam na kafintoci da kika sirka da ɗan ruwa, sau uku, kowanne ya bushe. Sai baƙin fenti na masu zane, akirilik. Sai ki tsoma buroshi a ruwan azurfa ko tagulla, ki goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ki riƙa shafa gefuna da wuraren da suka taso kawai. Tsohon ƙarfe a lungu baƙi ne, a baki yake haske. Kwanon rufin da kika gani, azurfa ce ta yi yawa. Kuma ki sa kayan ki yi shara da wanke-wanke da su na awa ɗaya kafin ranar, duk abin da zai ɓalle ya ɓalle a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar mutane ita ce na fi so ki ji. Kalmar kosfile daga Japan ta fito, wani Nobuyuki Takahashi ya ƙirƙire ta a farkon shekarun 1980, kuma tun 2003 ake taron duniya a Nagoya. Amma can ma ba a yawo da kayan a titi yadda aka ga dama. A manyan tarukansu a wurin ake sa kaya, a wurin ake cirewa. Ni na je Lagos Comic Con, wanda ake yi tun 2012, kuma takobina a cikin buhu na kai shi. Ke kuma a yanayin da muke ciki, takobin katako mai fentin azurfa daga nesa takobi ne. Ki naɗe shi a zane, ki ajiye hoton zanenki a waya don nuna wa jami'ai a shingen hanya. Kwana ɗaya kafin ranar Yayanki ya je ya gaida mai unguwar wurin, ya faɗi abin da za ku yi da lokacin, ya tambayi lafiyar wurin da sassafe, ya roƙi a haɗa ku da mutum ɗaya. Dattijon nan ba laifi ya yi ba, gonarsa ce kuka tsaya kusa da ita ba sallama. Yaran kuma ki ɗauki babbansu aiki, shi ya riƙe abin haske, za ki ga ya kore miki sauran.

Mai Hoto Daga Jos:

Baba bai yi kuskure ba, hasken gefe shi ke fito da ɗinki. Kuma yanzu ciyawa ta bushe ta yi ruwan ɗorawa, shuɗi da jar fata a kanta sai wanda ya gani. Abu ɗaya na manta, alkyabba. Kada ki zauna jiran iska, da safe ba ta da tabbas. Yaron da ba ya riƙe da komai ya kama gefenta, ya ɗaga, a ƙirga uku ya wurga sama ya fice daga hoton da gudu. Yaya ya sa saurin ƙiftawa 1/500 ko sama, ya danne maɓalli kyamara ta yi ta harbi. Idan haske bai isa ba ya ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 400 ko 800. Cikin wurgi ashirin za ku samu biyu masu kyau.

Inda na saba da ɗan uwana na Kaduna shi ne tagulla. Ki bar ta, ki tsaya a azurfa mai duhu. Jar fata tana nan, ciyawa tana nan, jan hasken safe yana nan, idan kika ƙara tagulla jinjirin watan zai ɓace a cikinsu.

'Yar Tudun Wada:

Na dawo da rahoto. Lifidin ƙirji ya kai rabi, allura biyu na karya kafin na gane in rage audugar in buɗe tazarar ɗinkin. Guntayen fata na samu cike da leda, baduku har ya ƙara mini igiya kyauta da na nuna masa zanen, ko da yake shi ma cewa ya yi Amina ce. Yadin alkyabba yana marina. Jinjirin wata na yi shi sau biyu, na farko ya ƙone a garwashi, na biyu yana kan taga yana shan gam na uku.

Yaya ya je wurin mai unguwa jiya. Ashe labarinmu ya riga shi isa, har an ƙara masa gishiri, wai aljanar ta ɓace a cikin mota. Sun yi dariya, ya ce mu zo ranar Lahadi bayan Asuba, zai haɗa mu da ɗansa. Sharaɗinsa ɗaya, a wanke masa hoto guda ya gani.

Baba Jikan Dukawa, hamilar nan ta kafaɗar dama ake rataya ta ko ta hagu? Ni bahaguwa ce.